A Gina ko a Biya? Abin da Ya Faru da Tallar Man Riɗi a Wani Ƙauyen Ƙasar Gumel

A wani ƙauye da ake ratsewa daga titin Gumel zuwa Maigatari akwai ƙungiyar mata masu matsar man riɗi da man gyaɗa. Suna yin kantu da ƙuli-ƙuli, in kaka ta yi kuma su tsince zoɓo su ƙulla a leda. Shugabarsu, wadda yaro da babba ke kira Hajiya, ita ce uwar adashin unguwa tun kafin a san za a yi ƙungiya, don haka ba a ja da ita a kan lissafi. Daga 2023 zuwa 2025 matan nan sun ɗanɗana hanyoyi biyun da masu ƙananan sana'o'i ke ta kai-kawo a kansu: sun biya ƙwararru a birni su yi musu talla a intanet, sun kuma bar ɗansu ya gina musu kayan tallar da hannunsa. Ni nake duba musu littafin shige da fice duk ƙarshen wata, saboda haka abin da ke tafe daga littafin ya fito, da kuma bakin waɗanda abin ya bi ta hannunsu.

Yadda waya ta shigo cinikin

Riɗi da zoɓo su ne kuɗin wannan yanki, amma yawanci a buhu suke barinsa. Ranar Alhamis dillalai su tara a kasuwar Maigatari, manyan motoci su kwashe zuwa Dawanau a Kano ko su zarce Legas. Riɗin ya nufi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓon kuma babbar kasuwarsa Meziko. Manomi da kaka yake sayarwa, lokacin da kowa ke sayarwa, farashi a ƙasa. Dabarar matan ita ce su riƙe kaɗan daga abin da gonakin gidajensu suka bayar, su wanke, su soya, su matse, su sayar a roba. Kasuwarsu a da ba ta wuce faranti a kan 'yan mata ba, sai wata rumfa ranar Alhamis da matan ma'aikata a cikin garin Gumel.

Canjin kuɗin farkon 2023 ne ya tilasta musu. Da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsabar kuɗi ta ɓace, mai saye ya zo da kuɗi a banki amma ko sisi babu a aljihu. Wani mai POS ya taimaka aka buɗe asusu, aka fara jin "na tura, duba alat" a zauren gidan Hajiya. To in kuɗi zai iya zuwa daga wayar wanda ke tsaye a gabanka, me zai hana ya zo daga Kaduna? Can 'yar Hajiya take aure, ita ce ta fara ɗora hoton kantu da robar mai a sitatus ɗinta na WhatsApp, maƙwabta suka ce a aiko musu, su ma suka gaya wa nasu.

Ba a yi nisa ba oda ta watsu a wayoyi uku: ta 'yar da ke Kaduna, da ƙaramar wayar Hajiya, da ta sakatariyar ƙungiya. Aka taɓa aika wa mace ɗaya kaya sau biyu, wata kuma ta biya ta yi ta jira har ta kira tana faɗa. A nan shawara ta rabu biyu. Ƙanin Hajiya, mai harkar hatsi a Dawanau, ya ce mata: "Yaya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ku dai ku matsa mai, ku bar talla ga masu talla. Akwai yaran da ke yi wa 'yan Kwari, wata-wata ake biyansu." Ɗan wanta kuwa, wanda ya gama difloma a kan kwamfuta a Kazaure yana zaune a gida, ya ce: "Gwaggo, duk abin da za su yi na iya. Ku ba ni kuɗin data da na rajistar suna, in gina muku kanti a intanet, naku na kanku, ba mai karɓar ko kwabo duk wata."

Hajiya ta bi ƙaninta, ba don hujjarsa ta fi ƙarfi ba, sai don ya ce shi zai biya watannin farko.

Masu talla na birni

A ba su haƙƙinsu, yaran sun san aikinsu. Suka ce a aiko musu da kaya, suka ɗauki hotuna a kan farin ƙyalle da hasken fitila, man riɗin ya fito kamar ka sha. Suka zana lakabi, suka buɗe shafi a Facebook da Instagram, suka fara tura talla ta kuɗi. Tallar irin wannan gwanjo ce: kai za ka ce ga abin da zan kashe a rana, ga garuruwan da nake so, ga shekarun mutanen, sai na'ura ta gwada ka da sauran masu neman idon mutanen nan. Kuɗin tallar daban, ladan yaran daban, ga harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ke ɗorawa a kan talla a Najeriya tun 2022. Matan ba su fahimci wannan rabuwar da farko ba, sun ɗauka abin da ake biya duk wata ya haɗa komai.

Mabiya suka taru, ƙanin Hajiya yana nuna wa abokansa adadin a Dawanau. A littafi kuwa ciniki bai motsa yadda adadin ya motsa ba. Da na bi saƙonnin da ke shigowa shafin sai dalilin ya fito fili. Rubutun da ke ƙarƙashin hotunan da Turanci ne, mai tambaya kuma da Hausa take zuwa, sau da yawa ma da murya. Tambayoyinta ba na ado ba ne. Na bana ne ko na bara? An soya riɗin ko ɗanye aka matse? In na ɗauki jarka nawa za a rage mini? Wace mota za a ba? Yaron da ke riƙe da shafin a Kano yana da shaguna da yawa a hannunsa, kuma ko ɗaya daga cikin amsoshin nan bai sani ba. Sai ya kira ƙauye, ya tarar ba sabis ko Hajiya tana wurin inji. Kafin amsa ta dawo an kwana, mai tambaya ta saya a wani wuri. Ga kuma farashi, wanda kasuwar kowace Alhamis ke juyawa, a shafi kuwa na makon jiya ne.

Sai dala ta shigo maganar. Manhajojin da irin waɗannan yara ke aiki da su, na zane da na jera saƙonni da na tace bidiyo, yawanci da dala ake biyan kuɗinsu. A 2022 bankuna suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, don haka a wancan lokaci da dalar kasuwar bayan fage ake biya. A Yunin 2023 aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A ce manhaja dala 30 ce a wata: lokacin da dala take wajen 750 a bayan fage naira 22,500 ke nan, da ta kai 1,500 ta zama 45,000, ba tare da an ƙara maka komai ba. Tun kafin a kai nan yaran suka ɗaga ladansu, kuma ba zalunci suka yi ba, su ma haka ta same su. Amma man riɗi da naira ake sayar da shi, wa matan da su ma tsadar ta kama. Da watannin ƙanin Hajiya suka ƙare aka ce ƙungiya ta ci gaba da biya, Hajiya ta duba littafi ta ce a tsaya.

A wurin rabuwa ne aka gano abin da ya fi tsadar ciwo. Shafin da asusun ɗaya daga cikin yaran aka buɗe shi, shi kaɗai ne admin, wato mai iko da shafin. Ba a rubuta komai a kan wane ne mai shafi ba, ba wanda ya ma yi tunanin tambaya. Suka ce a cika musu wani saura da suke bi sannan su miƙa, ƙanin Hajiya ya ce babu saura, magana ta yi tsami, shafin ya tsaya inda yake da mabiyansa da duk hirarrakin masu saye. Abin da ƙungiya ta fita da shi hotunan ne da zanen lakabi, waɗanda sakatariya ta ajiye a wayarta, kuma har yau su ake amfani da su.

Kantin ɗan gida

Yanzu fili ya zama na ɗan wan Hajiya, ya kuwa shiga da ƙarfinsa. Ya yi rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng, ya kama wurin ajiyar shafi a wani kamfani, ya ɗora WordPress da WooCommerce, manhajojin gina shafi da kanti. Waɗannan biyun kyauta ne, gaskiyarsa ke nan. Abin da bai tsaya ya fayyace wa matan ba shi ne, sunan da wurin ajiyar duk shekara ake sabunta kuɗinsu. Ginin naka ne, filin na haya, ranar da haya ta ƙare kuma ba a neman ka a gida.

Na gan shi yana aikin. Sabis ɗin kirki sai bayan makarantar firamare, wajen wata tsamiya, can yake zama bayan isha'i da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda batirinta ba ya riƙe wuta. Da rana ya kai ta caji wurin mai sola ya biya, da dare ya ɗora hoto ɗaya ya jira layin nan ya cika, ya katse a kusa da ƙarshe, ya sake. Kantin da ya fito ba abin kunya ba ne. Ga hotuna, ga farashi, ga kwandon saye, ya haɗa shi da Paystack domin a biya da kati. Kamfanin yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100 a kan ciniki, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai naira 2,500 ba. Wannan kam ko shi bai ce zai gina nasa ba, kuma ya yi daidai: abin da ya shafi riƙe kuɗin mutane da katinsu ba wurin gwajin hannu ba ne.

Sai dai masu sayen ba su shiga kwandon ba. Mace za ta buɗe shafin, in datarta ta yarda, ta ɗauki hoton robar da take so, ta fita, ta turo wa sakatariya a WhatsApp da murya: "Wannan nawa ne gaskiya?" Ba jahilci ba ne, kamar yadda yaron ya so ya ɗauka. Abu biyu ne kantin ba zai iya ba. Ba ya tayi, mai ɗaukar jarka kuwa ba za ta biya farashin mai ɗaukar roba ɗaya ba, kuma tana son ta ji a bakin mutum. Sannan ba ya sanin kuɗin mota. Kayan ƙungiyar daga tashar Gumel suke hawa zuwa Kano, a can a sauya mota zuwa Kaduna ko Abuja, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 direba da ɗan kamasho ne ke yanke kuɗin a ranar, gwargwadon nauyi da yadda man fetur ya kwana. Shafin da ba zai iya gaya maka jimillar abin da za ka biya ba, ba zai iya karɓar kuɗinka ba. Cinikin da ya bi ta kwandon a duk rayuwar kantin bai cika shafi ɗaya na littafi ba.

Da ya ga haka sai ya koma kan WhatsApp ɗin, inda mutanen suke. A can akwai hanyar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, amma mutum 256 take ɗauka a jeri guda, kuma sai wanda ya ajiye lambarka ne saƙon zai isa gare shi. Wannan ya yi masa kaɗan. Ya samo wata manhajar bayan fage da ke tura saƙo ga dubban lambobi, ya kwashi lambobin mutane daga guruf-guruf na mata, ya saki talla da layin ƙungiya. Ƙa'idar WhatsApp a fili take a kan wannan: ba a yarda da manhajar da ba tasu ba, ba a yarda da ruwan saƙonni ga waɗanda ba su nema ba, kuma duk wanda saƙon ya dama yana da maɓallin kai ƙara. Kafin a je ko'ina aka rufe lambar. Ita ce kuma a jikin kowace roba da aka taɓa sayarwa.

"Gwaggo, ku yi haƙuri, ƙaruwa na nema mana," in ji shi. Hajiya ba ta yi masa faɗa a gaban mutane ba. Abin da ta ce kawai, da ya nemi shawara da ta gaya masa cewa ko a gari ba a shiga gidan da ba a sani ba da faranti a kai ba sallama. Ban da ladabi ma akwai doka: tun Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan mutane, lambar wayar mutum kuwa tana cikin bayanansa.

Abin da ya ceci ƙungiyar littafin makaranta ne mai layi-layi. Sakatariya, saboda rashin yarda da waya, duk wadda ta saya sai ta rubuta sunanta da garinta da lambarta. Da wannan aka bi mutane ɗaya-ɗaya a sabon layi, aka sake buga lakabi. Littafin ya sake amfani a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da wuta ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa sama da mako guda saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Manyan wayoyin masu saye a Kano da Kaduna suka mutu, ba mai kallon sitatus balle shafi, ƙananan wayoyi masu riƙe caji suka rage, sai kira.

Ƙarshen kantin kuwa ba hayaniya. Yaron ya samu gurbin ƙaro karatu ya tafi. Saƙon tunin sabunta haya a imel ɗinsa yake sauka, kalmar sirri a kansa take, ba wanda ya san akwai abin da ake sabuntawa. Shafin ya sauka, aka yi makonni ba wanda ya lura, har sai da 'yar Kaduna ta so ta nuna wa wata baƙuwa. Ciniki bai ragu da roba ɗaya ba.

Abin da ya gina wanda ya rayu

Da a nan maganar ta tsaya da sai a ce ƙanin Hajiya ya yi gaskiya. Ba haka ba ne. A cikin watannin da yaron ke fama da kantin, ya yi wani ƙaramin aiki a gefe wanda shi kansa bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ya gaji da tambayar farashi kowane mako don ya gyara a shafi, sai ya buɗe jadawali a Google Sheets, wanda kyauta ne kuma yana buɗuwa a waya ko ba sabis. Ya zauna da matan a wurin aiki, aka auna buhu guda, aka ga roba nawa yake bayarwa bayan an fitar da tsakuwa da ƙasa. Ya sa gurbin kuɗin tiyar riɗi, da na inji, da itace, da roba, da lakabi, da ladan masu wanki da suya, ya cire abin da ake samu a tunkuza. Yanzu in an dawo daga Maigatari ranar Alhamis, lamba ɗaya ake sauyawa, farashin roba da na jarka su fito, da iyakar da za a iya ragewa ba a taɓa uwar kuɗi ba.

Ranar farko da aka cika shi ya nuna cewa ƙananan robobin, waɗanda suka fi tafiya, kusan a faɗuwa ake sayar da su, domin kuɗin roba da lakabi ya tashi ba wanda ya sake lissafi. Hajiya ta sa aka maimaita a takarda, ya fito daidai. Wannan gyaran kaɗai ya fi duk abin da tallar kuɗi ta kawo.

A shafi na biyu ya kwafe littafin sakatariya, ya ƙara abin da kowace ta saya, da yaushe, da tashar da take karɓa. Daga nan aka fara ganin abin da ke ɓoye a takarda. Akwai masu ɗaukar man riɗi kusan duk wata biyu, in lokacinsu ya yi ana tura musu gaisuwa da farashin makon. Akwai waɗanda zoɓo kawai suke saye, su kuma gab da azumi. Akwai 'yan tsiraru a Abuja da Kaduna masu sara su sayar, waɗanda su ne ke ɗauke da kaso mafi girma na cinikin, ba a taɓa ware su an kula da su daban ba.

A ganina bambancin jadawalin da kantin ba na fasaha ba ne, kantin ma ya fi wuya nesa. Jadawalin daga cikin sana'ar ya fito, ba kamfanin da zai sayar musu da irinsa domin ba wanda ya san yawan ƙasar da ke cikin buhun riɗinsu sai su. Kuma kafin ya tafi ya zaunar da 'yan mata biyu da suka gama sakandare ya koya musu, har suka iya ƙara layi da gyara kuskure. Kantin shi kaɗai ya san cikinsa. Ana yawan cewa aikin ɗan gida kyauta ne, alhali bashi ne da ba a rubuta ba: ba ka biya shi ba, don haka ba ka da bakin cewa ya bar karatunsa ya zo ya gyara.

Yadda suke yi yanzu

Sabon layin da lambar NIN ta Hajiya aka yi masa rajista, wayar a gidanta take kwana. An sa WhatsApp Business, wanda kyauta ne tun fitowarsa a 2018, da jerin kaya da hotunan nan na yaran Kano, da amsoshin da aka tanada na lambar asusu da yadda ake aikawa, da alamomi masu launi na wadda ta biya da wadda aka ɗora wa kaya. An kulle shi da lambar sirri mai lamba shida, Hajiya da sakatariya suka sani, an rubuta an ajiye a inda ake ajiye kuɗin adashi. Tun da manhajar tana yarda a jona wasu na'urori har huɗu a layi ɗaya, 'yar Kaduna tana amsawa daga can in sabis ya ɗauke a ƙauye. An buɗe sabon shafin Facebook, admin uku, duk 'yan ƙungiya. Ba a ɗora kaya sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido, hoton rasit ba ya wadatarwa.

Biya kuwa ba a daina ba, salonsa ne ya sauya. Ba a biyan kowa wata-wata. Mai hoto a kira shi in an sauya roba, a sallame shi. Gab da azumi a ba wata mai yawan mabiya a Kano kaya da ladanta ta yi bidiyo ɗaya, a ƙirga odar da ta biyo baya kafin a yanke ko za a sake. Tallar Facebook ta kuɗi sau biyu a shekara, da azumi da kuma bayan kaka, kuma maɓallinta kai tsaye yake kawo mutum WhatsApp. An gwada tura saƙon tes ga tsofaffin masu saye, aka ga da yawa ba ya isa domin mutane sun rufe saƙonnin talla ta lambar 2442 da hukumar NCC ta tanada, aka bari. Babban kuɗin da ke fita kullum data ce, wadda ta ƙara nauyi bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da aka amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025.

Tallar da ta fi ci kuwa ba a saya ba, ba a kuma gina ta ba. Muryar Hajiya ce. Da yammacin Alhamis takan yi saƙon murya na abin da bai kai minti ɗaya ba: sallama, yadda riɗi ya kwana a kasuwa, abin da aka matse a makon, ranar da mota za ta tashi. A sa a sitatus, a tura wa waɗanda suka ajiye lambar. Matan birni suna amsa mata da "Hajiya ina gajiya", su yi ta'aziyya in an yi rashi, sannan su ce a sa musu biyu.

Akwai iyakar da talla ba ta tsallakewa, kuma sun taɓa ta. A tallar azumi wani babban kanti a Abuja ya nemi man riɗin da yawa, tambayarsa ta farko lambar NAFDAC, ƙungiya kuma ba ta da ita. Samunta na buƙatar rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ɗakin aiki na musamman da za a zo a duba, ba tsakar gida ba. Ko da lambar ma, injin da suke kai wa na haya ne, shi ke yi wa gari duka. Kuɗin da a da za a ba masu talla yanzu a wani adashi daban ake zuba shi domin ɗakin.

Gardamar ba ta mutu ba. Ƙanin Hajiya har yanzu yana cewa yaran da aka samu ne ba su dace ba, da an samu na kirki da an wuce nan. Ɗan wanta in ya zo hutu yana maganar haɗa wata na'ura mai amsa saƙo da kanta dare da rana. Hajiya ta ce ya fara koya wa 'yan matan yadda za su kashe ta in ta fara shirme, sannan a yi magana. Abin da ke gaban ƙungiyar a zaman bayan kaka shi ne ladan 'yan matan nan biyu. Wasu na cewa a ba su wani abu a kan kowace oda, wasu na cewa a yanka musu na wata, sakatariya kuma ta kawo maganar da ta fi damunta: an riga an kawo kuɗin gaisuwar ɗaya daga cikinsu, kuma mijin a Haɗeja yake, don haka tana so a zaɓi yarinya ta uku a fara koya mata tun yanzu.